Ina ƙauyen kakanmu ya shiga?

Malam, ka ce kakanka ya fito daga wani ƙauye kusa da Kano, ka nema har a taswira babu shi. Kada ka yi saurin cewa ya zama kufai. Da yawansu birni ne ya haɗiye su. Hotoro, Dorayi, Sharaɗa da Na'ibawa duk a wajen ganuwa suke, gonaki ne da 'yan gidaje, yau kuwa unguwanni ne cikin gari. Wasu kuma ruwa ya ci: da aka gina madatsar Tiga a 1974, zamanin Audu Bako, an tashi ƙauyuka aka sake musu matsuguni.

Ni dai da ni ne, wajen dagaci zan fara, ba ofis ba. Tsofaffin fadarsa sun san wace gona ce a kan tsohon gari. In an kai ka, duba kukoki a cure wuri ɗaya, rijiyar da ta rufta, ramukan marina, da tsingaro bayan ruwan sama ya wanke ƙasa. Maƙabarta kan daɗe, don manomi ba ya yarda ya sa mata garma.

Takardu kuma, leƙa Gidan Ɗan Hausa, gidan adana kayan tarihi da ke Kano.