Kasuwarmu ta watse, da wane kuɗi za mu tashe ta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a wani ƙaramin gari kusa da Maiwurno, a jihar Sinnar ta ƙasar Sudan. Tun da yaƙi ya iso jiharmu a 2024 kasuwar tsakiyar gari ta watse. Mutane sun fara dawowa, amma cikin shaguna wajen 60, waɗanda ake buɗewa ba su kai 20 ba. An kwashe kwanon rumfuna, da damina kuma laka har ƙauri. Wasu dattawa sun ce mu ci bashin banki mu gina sabbin shaguna. Ina za mu samo kuɗi, kuma da me za mu fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya mayar da alheri. Shawararmu ita ce kada ku fara da banki, kada kuma ku fara da sabon gini. Kuna da shago 40 a rufe. Abin da ya hana masu saye shigowa shi ne laka, da rana, da duhu, da tsoro, kuma waɗannan sun fi gini arha.

Kafin a tara ko kwabo, ku je mahalliyya, wato ƙaramar hukuma. Filin kasuwa yawanci a hannunta yake, ita ce kuma ke karɓar haya da kuɗin lasisi da na shara. Ku nemi yarjejeniya a rubuce, da hatimi, cewa abin da 'yan kasuwa suka kashe wajen gyaran kayan kowa za a riƙa cire musu shi daga haya, har tsawon shekarun da aka ambata. Nan ne aka fi yin kuka: a yi aiki bisa alkawarin baki, a canja jami'i, sabon ya ce bai san zancen ba. A haɗa da jerin sunan mai kowane shago, har waɗanda ba su dawo daga gudun hijira ba, don kada gyara ya zama hanyar cinye wurin wani.

Daga nan ku raba aljihu biyu, kada su taɓa haɗuwa. Na farko na kayan kowa ne: magudanar ruwa, rumfar layi, fitila, mai gadi, makewayi. Wannan ba ya kawo riba kai tsaye, saboda haka ba a cin bashi dominsa. Ana yin sa da kuɗin tebur na ranar kasuwa, da gudummawar 'ya'yan gari da ke Saudiyya, da gayya, wato nafir. Haƙa magudana da ɗaukar yashi aikin gayya ne, kuɗi sai a bar wa siminti da rodi da mason. Aljihu na biyu na kowane mutum ne, wato ƙofar shagonsa da jarinsa. Nan ne adashi, sanduk ɗin da kuka saba, yake aiki, nan ne kuma banki zai iya shigowa.

Kada ku ajiye kuɗin jama'a a tsabarsu. Jinai, kuɗin Sudan, yana narkewa, kuma ba yau ya fara ba, don a 2021 hauhawar farashi ta haura kashi 300 cikin ɗari. Duk abin da ya taru a mako, a mayar da shi kwano ko ƙarfe ko bulo a makon. Siminti kaɗai ne ba a tarawa, domin buhun da ya wuce wata uku, ko ya sha danshi, ya rage ƙarfi. A ƙayyade gudummawa da kaya: mai shago buhun siminti biyu, mai tebur rabin buhu, kowa ya biya farashin ranar. 'Yan waje su turo ta Bankak, manhajar banki ta waya, cikin asusu ɗaya sananne, mutum uku su riƙa duba shi, ma'aji ya karanta shiga da fita a bainar jama'a kowace Juma'a. Tara kuɗi mai yawa a yi shi da kaka, lokacin da aka sayar da riɗi da dawa, aiki kuma a gama kafin ruwan Yuni.

Magudana ce farko. A ba ta gangara ta santimita 1 a kowace mita, a san inda za ta zubar kafin a sa diga a ƙasa. Baƙar ƙasar yankinku tana kumbura da ruwa, ta dare da rani, shi ya sa kuke ganin bangon jan bulo ya tsage tun daga tushe bayan damina biyu. A shimfiɗa yashi da tsakuwa a danne su sosai kafin a zuba kankare, a kwaɓa shi siminti 1, yashi 2, tsakuwa 4, a yi ta ba shi ruwa kwana 7. Rumfa kuwa ta ginshiƙin ƙarfe da kwano ta fi dacewa da wannan ƙasa. Ku gama layi ɗaya tsaf, wanda ya taso daga tashar mota, ku tattaro masu kayan gwari da mahauta da masu agashe, wato gasasshen nama, a cikinsa. Kasuwa ƙarama mai cunkoso ta fi jawo mutane a kan babba mai giɓi.

Maganar banki. Bankunan Sudan da tsarin Musulunci suke aiki, kuma akwai waɗanda suka fi kusa da ƙananan 'yan kasuwa, irin su Bankin Iyali, wato Bank al-Usra, da bankin Iddikhar, wato bankin tanadi. Murabaha, inda banki ke sayen kaya ya sayar maka da riba sananniya, ta dace da sukari da mai da atamfa, kayan da ke juyawa kafin wa'adin biya. Ba ta dace da gini ba, domin shago yana mayar da kuɗinsa cikin shekaru, biyan kashi-kashi kuwa wata-wata ne. Gini yana da tasa yarjejeniyar, muƙawala, wato kwangilar gini. Sannan a kula da cek ɗin da ake bayarwa jingina: cek ɗin da ya dawo babu kuɗi laifi ne a ƙarƙashin sashe na 179 na dokar laifuka ta 1991, kuma ya kai mutane da yawa kurkuku. Kada shugaban kasuwa ya sa hannu a cek da sunansa a madadin jama'a, komai amanar da ke tsakani.

Tambaya: Ni mai sayar da abinci ce a Gadarif. Ko ya halatta a gyara kasuwa da kuɗin zakka?

Amsa: Hajiya, mafi yawan malamai ba su yarda a gina magudana ko rumfar kowa da zakka ba, domin tana da mutanenta kashi takwas da Alƙur'ani ya ambata. Amma macen da ta rasa tukwanenta da jarinta tana cikinsu, kuma Diwanin Zakka, hukumar zakka ta gwamnati, yana ba da kayan sana'a ga mabuƙata. Ku haɗa kanku, ku rubuta sunan kowacce da abin da ta rasa, ku kai ofishinsa na mahalliyyarku. Rijiya ko makewayin kasuwa kuwa, a nema musu sadaka mai gudana ko waƙafi, a rubuta wanda zai riƙa kula da su da inda kuɗin gyaransu zai fito.