Filin Tambayar Likita: Shin Sankarar Baki Kitse Take Ci?

Tambaya: Likita, mahaifinmu yana fama da sankarar baki a gefen harshe, ya rame ƙwarai, gwajin jini kuma ya nuna kolestarol ɗinsa ya sauka. Wani ya ce mana cutar kitse take ci, don haka mu daina sa masa mai a abinci. Shin haka ne?
Daga wata mai karatu a Zariya

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya, 'yar'uwa, ya saka muku da alheri a kan jinya. Maganar da aka gaya muku tana da tushe, amma shawarar da aka ɗora a kanta tana iya cutar da shi.

Ƙwayar sankara tana rabuwa ba ƙaƙƙautawa, kuma kowace sabuwar ƙwaya tana buƙatar tantanin da zai lulluɓe ta, wanda da maiƙo da kolestarol ake gina shi. Yawancin lafiyayyun ƙwayoyin jiki sun dogara ne da maiƙon da jini yake kawo musu. Ita kuwa ƙwayar sankarar baki sai ta ƙara yawan wani sinadarin enzayim da masana suke kira FASN, wanda yake ƙera maiƙo daga sukari a cikin ƙwayar kanta. Masu bincike da suka auna naman da aka yanko daga bakin majinyata sun sha samun wannan sinadari da yawa fiye da yadda yake a lafiyayyen nama. Ma'ana, ko an hana majinyaci mai, sankarar tana da hanyar haɗa nata.

Akwai kuma binciken da Salvador Aznar Benitah da abokan aikinsa suka yi a birnin Basalona na ƙasar Sifen, wanda mujallar Nature ta buga a 2017. Sun gano cewa ƙwayoyin sankarar baki masu ɗauke da furotin CD36, wanda yake shigar da maiƙo cikin ƙwaya, su ne suke jagorantar bazuwar cutar zuwa kaluluwar wuya. Da aka ciyar da ɓeraye abinci mai yawan kitse, bazuwar ta ƙaru. Da aka toshe CD36, sai ta ragu matuƙa. Ina roƙonki ki lura cewa a jikin ɓeraye aka ga wannan, kuma bai zama umarnin cire mai daga kwanon mutumin da ya riga ya rame ba.

Saukar kolestarol abu ne da aka sha gani a jinin masu wannan cuta, sai dai ƙarancin cin abinci ma yana jawo shi. Ramar ita ce ta fi damuna. Gyambon harshe yana hana tauna da haɗiya, cutar kuma tana sa jiki ya narkar da kitsensa da tsokarsa, alhali majinyacin da ya rame yana shan wahala wajen jure tiyata da gashin cutar da na'ura. Ku ba Baba abinci mai laushi mai gina jiki, kaɗan-kaɗan sau da yawa a rana: kunun gyaɗa da madara, dafaffen ƙwai, kindirmo, faten wake da ya dahu luguf, ba tare da barkono ba. Idan yana shan sigari ko yana cusa garin taba a leɓe, ya daina yau. Ku riƙa auna nauyinsa kowane mako, ku kai wa likitansa sakamakon, ku kuma nemi a haɗa ku da masanin abinci na asibitin.