Tambayi Likita: Idan babbar jijiyar jini ta tsage

Wani magidanci daga Gusau ya rubuto: "Likita, mahaifinmu yana zaune bayan la'asar sai ya dafe ƙirji, ya ce kamar an soka masa wuƙa ta ɓulla ta baya. Mun ɗauka olsa ce, muka sayo magani a kemis. Sai bayan isha'i muka kai shi asibiti, a can ya cika. An ce babbar jijiyarsa ce ta tsage. Me hakan ke nufi?"

Allah ya jiƙan Baba, ya ba ku haƙuri. Jijiyar da ake nufi ita ce awota, uwar jijiyoyin jini. Daga zuciya take fitowa, ta yi sama, ta lanƙwasa, ta gangara ta bayan ƙirji har cikin ciki, inda take rabuwa biyu zuwa ƙafafu. Faɗinta santimita 2 zuwa 3 ne, bangonta kuma ninki uku, kamar riga mai shafi. Idan shafin ciki ya yage, sai jini ya kutsa tsakanin ninkin da ƙarfin bugun zuciya, yana ɓare su yana yi wa kansa sabuwar hanya. Daga nan ko dai rassan da ke kai jini ƙwaƙwalwa, ƙoda, hanji ko ƙafa su toshe, ko kuma bangon waje ya fashe, jini ya cika jakar da ke lulluɓe da zuciya ya matse ta.

Malam, kada ku ɗora wa kanku laifi, ko likitoci wannan cuta tana ruɗa su. Amma ina roƙon duk mai karatu ya riƙe wannan: ciwon olsa a hankali yake tasowa, yana da alaƙa da abinci ko yunwa. Wannan kuwa farat ɗaya yake zuwa da dukkan ƙarfinsa, a ƙirji ko tsakanin allunan kafaɗa, wani lokaci yana gangarawa ƙugu. Yakan zo da zufa, suma, mutuwar ɓarin jiki, ko ƙafa ɗaya ta yi sanyi. Mai irin wannan ciwo ba na kemis ba ne. A ɗauke shi, kada ya tuƙa kansa, a nufi babban asibiti mai na'urar hoton CT, don ita ke tabbatar da cutar. Idan tsagewar kusa da zuciya take, wadda muke kira nau'in A, ba a yi tiyata ba, ana rasa mutum 1 zuwa 2 cikin 100 a kowace awa a kwanakin farko.

Wata baiwar Allah daga Maraɗi ta ce: "An gano wannan cuta a jikin maigidana, amma ba a yi masa aiki ba, magani kawai aka ba shi. Anya ba sakaci ba ne? Kuma zai iya komawa gona?"

Hajiya, hankalinki ya kwanta. Da alama nasa nau'in B ne, wato tsagewar ta faru ne a ɓangaren da ya gangara, nesa da zuciya. Irin wannan, muddin bai toshe wata gaɓa ba kuma ba ya shirin fashewa, magani ne hanyar da ta fi. Ana ba da magunguna irin su labetalol don rage gudun zuciya zuwa kusan bugu 60 a minti, a saukar da lambar sama ta awon jini zuwa tsakanin 100 da 120. Idan matsala ta taso, akwai aikin da ake zura bututu mai raga ta jijiyar matsematsi a rufe tsagewar daga ciki.

Batun gona kuwa, ya je ya duba, ya yi tafiyarsa a ƙasa. Amma ɗaga buhu, tura mota, ko duk abin da zai sa ya riƙe numfashi ya yi nishi, ya bar wa yara. Maganin nan na har abada ne, ko da yana jin garau. Ku sayi na'urar awon jini ta gida, kuma kada ya tsallake hoton da za a riƙa maimaita masa, domin jijiyar kan ci gaba da buɗewa shiru. Kafin azumi ya zauna da likitansa a tsara lokutan shan magani.

Abin da ya fi damuna shi ne yawancin masu wannan cuta suna da hawan jini, kuma da yawansu sun daina shan magani ne saboda kai ya daina ciwo.

Wani matashi daga Jos: "Yayana ya rasu da wannan ciwo yana ɗan shekara 31, ba shi da hawan jini. Ni ma dogo ne siriri kamarsa. Ina cikin haɗari?"

Allah ya gafarta masa. Tambayarka tana kan hanya, ɗan'uwa. Idan cutar ta kama matashi, muna zargin gado, musamman ciwon Marfan, wanda ke raunana bangon jijiya. Masu shi sukan yi tsawo, da dogayen hannuwa da yatsu, ƙirji a lotse ko a turo, da matsalar gani. Idan uwa ko uba na da shi, kowane ɗa yana da rabin yiwuwar gadonsa. Tsawo kaɗai ba hujja ba ne, amma rasuwar yayanka ta isa dalili. Ka je wurin likitan zuciya a yi maka hoton zuciya na eko a auna faɗin jijiyar. Idan ta kusa santimita 5, ana canza ta tun kafin ta tsage. Ka tafi da sauran 'yan'uwanku da 'ya'yan marigayi, musamman matan da ke shirin ɗaukar ciki, domin haɗarin yana ƙaruwa a watannin ƙarshe da bayan haihuwa.

Wata ta tambaya ko a riƙa ba mai ciwon ƙirji asfirin kafin a kai shi asibiti. Asfirin yana taimakon wanda jijiyar zuciyarsa ta toshe, amma yana tsinka jini, kuma ga wanda awotarsa ta tsage zai ƙara zubar jinin ne. Idan ciwon ya zo kwatsam yana ratsawa baya, kada a ba shi komai. Da isarku, ku faɗa wa likita daidai lokacin da ya fara da yadda ya fara, ku roƙi a auna jininsa a hannu biyu.