Amsa ga Hajiyar da ɗanta ke son ɗaukar tarantula a hannu

Wa alaikumus salam, Hajiya. Tun jiya da dare na ga tambayarki, cewa yaronki ɗan shekara 11 ya matsa miki sai da kika saya masa tarantula a wani shagon dabbobi a nan Ingila, yanzu kuma ya nace sai ya ɗora ta a tafin hannu kamar yadda yake gani a YouTube, kina tambaya ko akwai haɗari. Na ga wasu sun ce ki fitar da ita daga gidan yau ɗin nan, wasu kuma sun ce ba komai tunda mai shago ya ce tana da sanyin hali. Ni shekarata tara ina kiwon wannan babban gizo-gizo, yanzu haka guda huɗu ne a ɗakina, don haka bari in faɗa miki abin da idona ya gani.

Kada ya ɗauke ta. Na san ke yaron kike jiye wa, kuma zan zo kan wannan, amma wadda ta fi shiga haɗari a wannan ɗaukar ita ce gizo-gizon.

Ta farko da na mallaka 'yar ƙasar Chile ce, irin da ake kira Grammostola rosea, wadda kowane mai shago zai ce miki ita ce ta 'yan koyo. Na sa mata suna Ƙoƙi, tunda mace ce kuma sunan Gizo ya riga ya yi mai shi. Kusan shekara biyu ina ɗora ta a hannu ba ta taɓa yi mini komai ba, har na fara jin kaina gwani. Ran nan wani abokina ya zo, ya ce a ɗora masa a ɗauke shi hoto ya tura gida. Yana tsaye, ya kawo ta kusa da fuskarsa, sai dariya ta kama shi. Hucin bakinsa ne kawai ya buge ta. Ta zabura ta haye hannun rigarsa, shi ma ya zabura ya yarfar da hannu, ta faɗo kan tayil. Nisan bai fi mita ɗaya ba. Da kyankyaso ne da tuni ya miƙe ya yi gaba, amma ita cikinta ya tsage, wani ruwa garai-garai ya riƙa tsiyaya. Na barbaɗa mata garin sitacin masara kamar yadda masu kiwo ke yi wa ƙaramin rauni, bai yi amfani ba. Kafin asuba ta naɗe ƙafafunta a ƙarƙashinta, shi ke nan.

Daga baya na fahimci dalili. Cikin tarantula kamar leda ce cike da ruwa, fatarsa ba ta da tauri, kuma nau'in da ke zaune a ƙasa jikinsu na da nauyi, ba a halicce su don faɗowa ba. Ruwan nan shi ne jininta, kuma da ƙarfin bugunsa take miƙe ƙafafu, shi ya sa idan ya zube sai ƙafafun su lanƙwashe. Abin da ya fi ci mini rai shi ne macen irin wannan tana iya kai shekara 20 a raye. Saboda hoto ɗaya na katse mata.

To, sai batun yaron. Abu na farko da za ki yi shi ne ki nemo cikakken sunanta na kimiyya, a jikin takardar shagon ko a rasit, domin tarantula nau'i ne fiye da dubu kuma halinsu ba ɗaya ba ne. Masu kiwo sun raba su gida biyu: na nahiyar Amurka, da na Afirka da Asiya.

Na Amurka, irin su 'yar Chile da na ambata da 'yar Meziko mai jan gwiwa, dafinsu ba shi da ƙarfi sosai, ana kwatanta shi da harbin ƙudan zuma, kodayake fiƙar babba doguwa ce, huda ce ta gaske. Makaminsu shi ne gashin bayan cikinsu. Idan ta ji an takura mata sai ta sa ƙafar baya ta karce shi, ya tashi a iska kamar ƙura. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da masussuka ana shiƙar gero ya san yadda ƙaiƙayi ke shiga wuya da hannu, to haka yake, sai dai kowane silin gashi yana da ƙananan ƙayoyi da ke sa shi ƙara nutsewa a fata. Ni idan ya same ni a damtse ina kwana uku ina susa, kuma na lura jikina ƙara ƙin sa yake yi, ƙaiƙayin bana ya fi na farkon kiwona. A fata da sauƙi. Ido ne matsalar. A 2009 an yi wani mutum ɗan shekara 29 a garin Leeds, nan Ingila, da ya yi mako uku idonsa ja yana zubar da ruwa, ana ba shi maganin ciwon ido na yau da kullum ba ya ji. Da likitocin ido suka duba da na'ura sai ga ƙananan gashi sun cake a baƙin idon, sai a lokacin ya tuna cewa yana goge akwatin 'yar Chilensa ta watsa masa gashi a fuska. Gashin sun yi ƙanƙanta da a cire su, sai maganin ɗigawa aka ɗora shi a kai na tsawon lokaci. Mujallar likitoci ta The Lancet ce ta buga labarin. Ke kin san yaro ɗan shekara 11, zai taɓa abu ya murza ido kafin ki ce masa wanke hannu.

Na Afirka da Asiya ba su da wannan gashin, saboda haka ba sa ɓata lokaci: gudu ko cizo. Ko da wasa ba a ɗaukar waɗannan. Abin dariya, biyu daga cikin waɗanda Turawa masu kiwo suka fi shakka daga yankinmu suke. Akwai Heteroscodra maculata ta Togo da Gana, fara-fara mai zane kamar an yi mata ƙunshi, sannan akwai Stromatopelma calceatum da ke zama a saman bishiyar kwakwar manja a Afirka ta Yamma. Ina da ta farkon, kuma in gaya miki gaskiya idan ta motsa ido ba ya bin ta, yanzu tana nan, yanzu tana jikin murfi. Haka ma Poecilotheria na Indiya da Siri Lanka, waɗanda cizonsu ke kawo zazzaɓi da ɗaurewar jijiyoyi na kwanaki, wani lokaci har makonni. Ba a tabbatar da cewa cizon tarantula ya taɓa kashe mutum ba, amma babban mutum ma yakan dangana da asibiti, balle yaro. Idan sunan da kika gani yana cikin waɗannan, ni dai shawarata ki mayar da ita a canza muku.

Zancen wai za ta saba da shi, kamar yadda wani daga cikin masu ba ki amsa ya rubuta, babu shi. Idonta takwas amma ganinta bai wuce bambance haske da duhu da gilmawar abu ba, da gashin jikinta take jin motsi da girgiza. Hannun ɗanki a wurinta ƙasa ce mai ɗumi da ke motsi, ba ta san na waye ba, kuma ko ta shekara goma a gidanku ba za ta sani ba. Kyanwa tana zuwa ta shafi ƙafarki don tana so. Ita wannan haƙuri kawai take yi, kuma wadda ta yi haƙuri yau tana iya wayar gari da wani hali bayan ta yi saɓa. Na ga haka a wata tawa 'yar Meziko, da kamar dutse take, bayan saɓa ɗaya ta koma ko ruwa na zo zuba mata sai ta watso gashi.

Tunda na ambaci saɓa, ki gaya wa yaron wannan tun yanzu: wata rana zai tarar da ita kwance rigingine, ƙafafu a sama. Ba mutuwa ta yi ba, tsohuwar fata take cirewa. Kada ya taɓa ta, kada ya juya ta, kada a bar gyare mai rai a ciki domin zai iya cin ta a wannan halin. Bayan ta gama jikinta da fiƙarta laushi gare su, babba tana bukatar mako ɗaya zuwa biyu kafin a ba ta abinci. Kafin saɓar kuma takan daina ci na makonni, kada hankalinku ya tashi.

Idan ya zama dole a matsar da ita, misali za a canza mata ƙasa, ga yadda nake yi. Ina sauke akwatin a ƙasa, in rufe ƙofa, in sa tabarau. In kifa kofin roba mai haske a gabanta, in ɗan taɓa ƙafarta ta baya da burushin fenti mai laushi, ta shiga da kanta, in zura kwali a rufe. Idan ta ɗaga ƙafafun gaba ta buɗe fiƙa, na bar ta sai gobe. Abinci kuwa da dogon hantsaki ake ba ta. Wannan aikin yaron zai iya koya a gabanki, kuma kallon yadda take cafke gyare ya fi ɗaukar daɗi nesa ba kusa ba, yarana har rigima suke yi kan wanda zai jefa.

Wani abu da mai shago ba zai gaya miki ba don bai san gidajenmu ba: ki nisanta akwatin da inda kike sa turaren wuta ko fesa turare, kuma maganin ƙwari kada ya shiga ɗakin sam. In kuna da kyanwa da ake ɗiga wa maganin ƙuma, a wanke hannu kafin a taɓa kwanon ruwan tarantular.

Ki turo sunan da ke jikin takardar, ko hotonta daga sama ta cikin gilashi, in duba miki ko wace iri ce. Ki gaishe da yaron.