Sanyin bututu ko na'urar kanka: wanne ya fi sauƙi ga mai shago?

Wani Alhaji mai sayar da abaya da turare a Makka ya aiko da tambaya cewa yana da zaɓi tsakanin shago biyu: ɗaya yana cikin babban gini da ake kawo masa sanyi ta bututu daga tashar sanyaya unguwa, ɗayan kuma shi zai saka na'urar sanyaya ɗaki da kuɗinsa. Yana so ya san wanda zai fi masa sauƙi.

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Tashar unguwa tana sanyaya ruwa ne a wuri guda, ta tura shi ta ƙarƙashin ƙasa zuwa gine-gine, kamar yadda tashoshin Shamiyya da Ajyad suke yi wa Masallacin Harami, kuma wutar da take ci ba ta kai ta ƙananan na'urori ba. Sai dai sauƙin ba lallai ya iso aljihunka ba, domin kuɗin yakan kasu biyu: akwai na sanyin da mita ta nuna ka sha, akwai kuma kuɗin ƙarfin da aka ware maka, wanda ake lissafawa da tan, wato ma'aunin ƙarfin sanyaya, kuma za ka biya shi ko da shagon a rufe yake. Nan ne nake so ka tsaya sosai, tunda cinikinka na azumi da Hajji ne, kuma watannin da kasuwa ta kwanta ba za su rage maka wannan kuɗi ba.

Na'urar kanka kuwa, a ce mai tan 2 ce da ke cin kilowat biyu da rabi, tana aiki awa 12 kullum, za ta sha kusan kilowat-awa 900 a wata. A farashin 'yan kasuwa na 2018, halala 20 kowane kilowat-awa (halala ɗari ke yin riyal ɗaya), riyal 180 ke nan, kafin harajin kashi 15 cikin ɗari. Ka ɗora kuɗin sayenta, da wanke ta daga ƙura, da ɗura gas, da asarar ranar da kwamfuresa ya ƙone ana tsakiyar zafi turare na lalacewa. 

Shawarata ita ce, kafin ka sa hannu a yarjejeniyar haya ta Ejar, wato tsarin gwamnatin Saudiyya na rajistar haya, ka nemi takardun kuɗin sanyi na tsohon ɗan haya na watanni 12, ka ga tan nawa aka ware wa shagon, kuma a rubuta wanda zai ɗauki kuɗin ƙarfin. Idan mai gini ya ɗauka, ka karɓi shagon bututu. Idan kanka zai hau, sai ya rage maka haya.