Tambaya da Amsa: Sabuwar filasta ta tsattsage a tsohon gida

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sake wa gidan mahaifinmu filasta da hunturun nan. Tsohon ginin bulo ne, sai ɗaki biyu na ginin ƙasa. Ba a yi sati uku ba bango ya fito da tsaga sirara kamar gashi. Ginin ne ya lalace, ko in sa a shafe da fenti?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kwantar da hankalinka, amma kada ka kira mai fenti tukuna. Fara gane ko filastar ce kaɗai ta tsage ko har da bangon. Ɗauki katin ATM ka gwada gefensa a tsagar. Idan bai shiga ba, kuma tsagar ta bazu kamar saƙar gizo-gizo, a fatar filasta take. Sannan ka bi bangon kana ƙwanƙwasawa da ƙotar cokalin gini. Duk inda ka ji yana amsawa kamar ganga, filastar ta rabu da bango, wannan kam sai an fasa an sake.

Yawancin irin wannan tsaga ƙishirwa ce. Siminti da ruwa yake yin ƙarfi, ba da bushewa ba. Tsohon bango ya shekara da shekaru a bushe, da an maka masa kwaɓi sai ya zuƙe ruwan ta ciki, iskar hunturu kuma ta kwashe na waje, filastar ta tsuke ta tsage. Shi ya sa ake jiƙa bango tun ana gobe za a yi aiki, bayan an gama kuma a riƙa ba shi ruwa safe da yamma har kwana 7. Wannan bayin shi ne aka fi yi wa sakaci, alhali ya fi komai araha.

Kwaɓin ma yana da nasa laifin. Mutane na ɗauka yawan siminti shi ne inganci, amma kwaɓin da siminti ya yi wa yawa ya fi saurin tsagewa. Buhu ɗaya mai kilo 50 kwanon sarki 2 ne, ka ba shi kwano 10 zuwa 12 na yashi. Kaurin shafe ɗaya kada ya wuce milimita 15. Idan bangon ya karkace, a yi shafe biyu da tazarar kwanaki. Ka kuma hana magini barbaɗa busasshen siminti a fuskar filasta don ta yi sulɓi. Yashin kuwa, zuba shi a kwalba da ruwa, ka girgiza, ka ajiye ya kwana. Idan laka ta kwanta a sama ta kusa kashi ɗaya cikin goma na tsayin yashin, a canza shi.

Gyaran ba wuya. Bari filastar ta cika kwana 28 ta gama tsukewa. A ɗan buɗa bakin tsagar da wuƙar kankare fenti, a goge ƙura, a jiƙa kaɗan, a cike da hodar cike tsaga irin ta masu fenti, in ta bushe a bi da sanfefa, sannan fenti. Kada a sa POP, wato farin garin da ake yin silin da shi, a bangon waje, ba ya jure ruwa. Inda bulo ya haɗu da linta (kankaren saman ƙofa da taga) ko ginshiƙin kankare, a shimfiɗa raga kafin a cike, domin a nan tsaga take son dawowa.

Ɗakunan ƙasar ne suka fi damuna. Ƙasa tana kumbura da damina ta tsuke da rani, siminti kuwa ba ya bin ta, sai ruwa ya shiga tsakaninsu ya riƙa cin bangon a ɓoye. Magina na da da suke shafe da makuba, wato haɗin ɓawon ɗorawa, sun san abin da suke yi. In dai sai an sa siminti, a kafa ragar waya da ƙusoshi a jikin bangon, a yi kwaɓi mai sauƙin siminti, a kuma gyara indararo don kada ruwa ya riƙa bin bango.

Tsagar da za ka ji tsoro ita ce wadda ta taso a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, ko ta bi layin bulo kamar matakala, ko ana ganinta ciki da waje. Yi alama da fensir a ƙarshenta, ka rubuta kwanan wata. Idan bayan wata ɗaya ta wuce alamar, ko faɗinta ya kai milimita 5, mai yiwuwa harsashin ginin ne ke motsi. Ka kira injiniyan gini ya duba kafin damina ta sauka.