Manhajar bashi tana kiran surukata, zan iya kai su ƙara?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na ci bashin sefa dubu 30 a wata manhajar waya, na makara wajen biya. Yanzu suna kiran surukata da abokan cinikina, har sun yaɗa hotona a WhatsApp wai ni ɓarauniya ce. A ina suka samo lambobin? Kuma zan iya kai su ƙara? Daga wata 'yar kasuwa a Garwa.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya kawo sauƙi. Daga cikin wayarki suka kwashe su, ranar da kika sauke manhajar ta nemi izinin duba lambobi da hotuna kika amince. Tun 31 ga Mayun 2023 Google ya hana manhajojin bashi na Play Store neman wannan izini, amma irin waɗannan kan yi yawo a fayil ɗin APK, wato fayil ɗin girka manhaja da ake turawa hannu da hannu ba ta Play Store ba. Shiga Paramètres, sai Applications, sai Autorisations, ki janye izinin. Abin da suka riga suka kwafa kam yana hannunsu.

Don Allah kada ki goge komai, kada ki karya layin. Ɓacin rai kan sa mutum ya share saƙon zagi nan take, alhali shi ne hujjarsa. Ɗauki hoton allon kowane saƙo yadda lambar da ta turo da rana da lokaci za su fito sarai, surukarki ma ta yi haka a wayarta. Adana saƙonnin Orange Money ko MoMo masu lambar ciniki, ki tura kwafin duka zuwa imel. In da hali, huissier, wato jami'in shari'a mai rubuta shaidar abin da ya gani, ya duba wayar ya rubuta shaida, takardarsa tana da nauyi a kotu.

Ƙara kuwa, hanya a buɗe take.  A Kamaru, lauya zai duba miki dokar laifukan intanet ta 21 ga Disamban 2010, kuma kina iya kai kuka wurin 'yan sanda ko ANTIC, hukumar gwamnati mai kula da fasahar sadarwa da tsaron intanet. Wahalar ita ce gano su, don da yawansu ba su da ofis. Sunan da ke fitowa a saƙon biyan kuɗi shi ne bakin zaren.

Bashin yana nan a wuyanki, Hajiya, amma bai halatta musu cin mutuncinki ba. Ki biya ta hanyar da ke barin rasit kawai, ko da sun matsa ki tura wa wata lamba daban.